Kwana Dubu Babu Hatsari

Ranar Talata ce, farkon watan Yuni, irin ranar da Arlit ke zama kamar cikin tanda. Tun ƙarfe takwas kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas, awaki sun shige ƙarƙashin matattun motoci, iska kuwa in ta taso sai ka gwammace ta zauna. Da safiyar nan Malam Sabiru ya fito tsakar gida da alli a hannu, ya goge 987 a jikin allonsa, ya rubuta 988, ya ja da baya yana kallon lambar kamar wanda aka haifa wa ɗa namiji.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana kula da lafiyar ma'aikata a ramin ma'adinai, shi ya sa duk unguwa ke ce masa Shef. Da aka sallame su, wasu sun dawo gida da firiji, wasu da babur. Shi ya dawo da hular ƙarfe, da akwatin magani, da irin allon nan da ake kafawa a bakin wurin aiki: KWANA KAZA BABU HATSARI. Ya kafa allon kusa da ƙofar ɗakinsa. Kullum bayan sallar asuba sai ya jera matarsa Sa'a da 'yarsa Radiyya, ya yi musu minti biyar na jan kunne a kan yadda ake sauke tukunya da yadda ake taka tsani, alhali gidan ko tsani babu.

Abincin gidan daga wanki yake fitowa. Shef ya karɓi kwangilar wanke kayan aikin kanikawa da direbobin Alhaji Mano, mai manyan motocin jigila. Kwangilar ta Shef ce, hannuwan na Radiyya. Kaya talatin a mako, baƙi ƙirin da gilis da baƙin mai, ba sa fita sai da soda da ruwan zafi a rabin duro. Akwai safar hannu ta roba a gidan, sabuwa fil, a rataye a ƙusa gefen allo. Ta nuna wa baƙi ce. In aka sa ta a soda ai lalacewa za ta yi.

Radiyya shekararta goma sha shida, tana ajin ƙarshe a kolej, saura kwana ashirin ta zauna jarrabawar BEPC. Da safe bita a makaranta, da rana duro.

Da azahar ta sa hannu a aljihun wani wando don ta fitar da abin da aka manta, kamar yadda ta saba. Wani siririn ɓarin ƙarfe mai kaifin reza ya shige ɗan yatsanta na dama, wanda ake danne bik da shi wurin rubutu, ya tsaga shi har kusa da ƙashi.

"Inna! Wayyo Inna!"

Sa'a ta fito da muciya a hannu. "Innalillahi! Malam, fito, yarinyar nan ta yanke!"

Shef ya fito. Ya dubi yatsan, ya dubi allo, ya sake duban yatsan.

"Kowa ya natsu," in ji shi. "Kada in ji wani ya ce hatsari."

"Malam, jini fa kake gani."

"Na ga jinin da ya fi wannan kafin ki san hanyar Arlit. Ku saurara, abu uku ne. Akwai wanda ya kusa faruwa. Akwai wanda ya faru amma mutum ya ci gaba da aikinsa. Akwai wanda ya sa mutum ya tsaya aiki, aka kai shi likita, aka rubuta a takarda. Na ukun nan kaɗai ake ƙirgawa. Ke Radiyya, kin tsaya aiki?"

Radiyya tana riƙe da yatsan, jini na bin gwiwar hannunta. "Baba, zafi..."

"Tambayarki na yi. Kin tsaya?"

"A'a."

"Madalla. Na biyu ne."

Ya buɗe akwatin maganinsa da ladabi kamar mai buɗe Alƙur'ani. Ya zuba mata wani jan ruwa da wa'adinsa ya wuce tun tana firamare, ya naɗe yatsan da bandejin da ya koma ruwan ƙasa. Sannan ya sanar da cewa ya sauƙaƙa mata aiki, kamar yadda ake yi wa wanda ya ji rauni a kamfani: ba za ta cuɗa ba, ɗauraya kawai za ta yi da matsa. Duk wanda ya taɓa matse rigar kanike mai kauri kamar tanti ya san wane irin sauƙi ne wannan.

Abin da ya sa allon ya fi yatsa tsada shi ne, Alhaji Mano na neman mai kula da lafiyar ma'aikata a garejinsa. Shef ya riga ya gayyace shi walima ranar Lahadi ta sama, ranar da allo zai cika dubu. Ya ɗaure ɗan akuya a bayan gida saboda haka. Kwana goma sha biyu suka rage, kuma a ganin Shef babu yatsan da ba zai iya jiran kwana goma sha biyu ba.

Ranar 990 direba ya kawo sabon ƙunshin kaya. Sauƙin aiki ya ƙare ba tare da an sanar ba. Radiyya ta ɗaura leda a hannu ta koma cikin soda. Leda ta huje tun a wando na biyu. Ta ciji leɓe ta ci gaba, hawaye na ɗiga cikin duro.

Ranar 992 yatsan ya kumbura ya yi sheƙi. A aji ta kasa riƙe bik. Mushe, malamin lissafi, ya tsaya a kanta.

"Radiyya Sabiru, ke da kike gamawa kafin kowa, yau takarda fara?"

"Hannuna ne, Mushe."

"An kai ki likita?"

"Babana ya duba."

"A, 'yar Shef ce ke. To, kina hannu mai kyau." Ya wuce.

Da yamma ƙawarta Dassin ta zo su yi bita. 'Yar Abzinawa ce, doguwa, ba ta iya ɓoye magana a ciki ba, Hausarta kuma ba ruwanta da mace ko namiji. Ta kama hannun Radiyya ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Kai, hannunka ya fara wari."

"Yi a hankali, Baba na ɗaki."

"To ya ji mana! Baba Shef! Baba Shef, ina wuni? Hannun Radiyya ya lalace. Yayana Illi yana da moto, yanzu-yanzu ya kai shi likita."

Shef ya ɗaga labule. "Lafiya lau, 'yata. Ke likita ce?"

"A'a, amma ina da hanci."

"To ki kai hancinki gidanku. Nan wurin aiki ne, kuma ba ki da izinin shiga. Daga yau in kina son ganinta, ki tsaya a ƙofa."

Haka aka kori Dassin daga gidan da take shiga tun tana da shekara bakwai, saboda ba ta da katin shiga.

Ranar 994 zazzaɓi ya zo. Shef ya ce zafin gari ne, duk Arlit kowa jikinsa da ɗumi, har bango. Ya ba ta ƙwaya biyu, ya ce ta riƙa shan ruwa, ya ƙara minti biyu a jan kunnen asuba a kan amfanin inuwa.

Ranar 995 ya kwance bandejin da kansa. Ya daɗe yana kallo. Wani farin ruwa na tsattsafowa, bakin ciwon ya yi kore-kore. Radiyya ta zuba masa ido, tana jiran ya ce ta ɗauko mayafi. Sai fuskarsa ta washe.

"Alhamdulillahi. Sa'a, zo ki gani. Ɗan karkare ne."

"Ɗan karkare, Malam? Ba yankan nan ba ne?"

"Yanka ya warke tuni, wannan wani abu ne ya hau kai. Ɗan karkare ciwo ne daga Allah, kowa na yi, har wanda bai taɓa wanki ba. Ciwo daban, hatsarin aiki daban. Ko a kamfani ba fayil ɗaya ake sa su ba."

Sa'a ta ji daɗin wannan magana fiye da kowa, don ɗan karkare tana da maganinsa. Ta kwaɓa lalle da lemun tsami ta lafta, ta ɗaure da tsumma. Radiyya ta yi ƙara har ɗan akuya ya amsa daga bayan gida.

"Yauwa, yana ci ke nan," in ji Sa'a.

Washegari da rana, Shef ya tafi gayyatar tsofaffin abokan aikinsa, Radiyya ta sami uwarta tana tsince shinkafar walima.

"Inna, mu je likita yanzu. Kafin ya dawo mun dawo."

"Su rubuta sunanki a littafi? Garin nan wa bai san 'yar Shef ba? Kafin la'asar labari ya kai gareji."

"Inna, dubi." Ta ja hannun riga. Wani jan layi ya taso daga yatsan, ya ratsa bayan hannu, ya wuce wuyan hannu.

Sa'a ta duba, ta kau da kai da sauri, ta koma kan shinkafa. "Kwana huɗu ne kacal, Radiyya. In ya samu aikin nan, wa zai huta? Ba ke ba? Shekara uku mutumin nan yana zaune, allon nan kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki da safe. Kina so ki kashe shi da ransa?"

"Jarrabawata saura kwana goma sha biyu. Da me zan rubuta?"

"Da hannunki mana. Babanki shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ya fi 'yan likitan nan sani."

"In aka yanke fa?"

"Tofar da yawu! Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Yarinya sai mugun fata."

Radiyya ta koma ɗaki ta gwada rubutu da hagu. Ta yi layi uku, ta duba, kamar kaza ta bi ta kan takardar. Ta rufe littafin. Ranar ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon hannun a kan cinyarta kamar kayan wani da aka ba ta ajiya.

Ranar 998 kan yatsan ya yi baƙi, zafin kuma ya ragu. Shef ya ce ga shi nan, sauƙi ya samu. Ranar Radiyya ba ta iya zuwa bita ba, amma ta shanya kaya goma sha ɗaya da hannu ɗaya da haƙora, don haka a lissafin Shef aiki bai tsaya ba. Ranar 999 aka yanka ɗan akuya. Shef ya tsaya a kan mahaucin yana yi masa gargaɗi ya riƙa kau da wuƙa daga jikinsa.

Lahadi bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Tsofaffin ma'aikatan rami suka zo da tarinsu da labaransu, samarin unguwa muka zo saboda nama. Alhaji Mano ya iso a farar mota, gajere mai tumbi, waya biyu a hannu. Aka ba shi kujera ɗaya tilo a gaban allo.

Shef ya sa babbar riga, ya ɗora hular ƙarfe a kai maimakon hula. Ya rubuta 1000 a hankali, sifiri bayan sifiri, aka yi tafi.

"Ranka ya daɗe, jama'a," in ji shi, "lafiyar ma'aikaci daga gida take farawa. Wanda bai iya tsare mutum biyu ba, yaya zai tsare hamsin? Gidan nan akwai wuta, akwai ruwan zafi, akwai soda. Kwana dubu, ko ƙwarzane ba a rubuta ba." Ya nuna safar hannun da ke rataye. "Kayan kariya kuwa, ga su nan, kamar sababbi."

"Sai Shef!" in ji wani tsoho.

"Radiyya! Kawo wa Alhaji ruwan sanyi."

Ta fito a hankali, tana taka ƙasa kamar ba ta yarda da ita ba. Mayafi ya rufe kafaɗarta ta dama har ƙasa. Ta durƙusa gaban Alhaji, ta miƙa masa kofi da hannun hagu.

Alhaji ya dubi kofin bai karɓa ba. Babban baƙo, a gaban dattawa, a ba shi ruwa da hagu!

"Ke!" Shef ya daka tsawa, yana murmushin dole ga jama'a. "Wace irin tarbiyya ce wannan? Ba shi da dama!"

"Baba..."

"Na ce da dama!"

Radiyya ta ɗago ta dube shi. Ta ajiye kofin a ƙasa. Ta yaye mayafin, ta kama bakin tsumman da haƙori ta warware, zagaye bayan zagaye. Warin ya riga hannun isa. Na kusa suka ja baya, wani saurayi ya ajiye naman da ke bakinsa. Hannun ya kumbura har wuya, yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, na kusa da shi ya fara bin sahu. Ta tallabo kofin da bayan wannan hannu da na hagu, ta miƙa.

"Ga shi da dama, Alhaji."

"Subhanallahi!" Alhaji ya toshe hanci da hannun riga.

"Ɗan karkare ne, ranka ya daɗe," in ji Shef da sauri. "Ciwo ne, ba..."

"Ƙarfe ne, Baba. A aljihun wandon garejin Alhaji, ranar Talata waccan, kana gida." Ta miƙe tsaye. "Kai ka koya mini. Ka ce ba a ƙirgawa sai mutum ya tsaya aiki. To na tsaya. Yau Lahadi, bayan la'asar, gaban shaidu. Likita zan tafi, kuma zan ce su rubuta."

"Radiyya, in kika fita ƙofar nan..."

Ta riga ta fita. Dassin na tsaye a waje inda aka ce ta riƙa tsayawa, ta kwana uku tana zuwa da yayanta Illi da moto, wato babur, suna komawa. Suka sa Radiyya a tsakiya. Ba su kai kwanar masallaci ba kanta ya faɗa a bayan Illi.

A cikin gida Sa'a ta ɗauki mayafi, ta kai bakin zaure, ta waiwayo ta ga baƙi ba a zuba musu abinci ba. Ta ajiye mayafin ta ɗauki ludayi. Sai da kowa ya samu rabonsa ta bi bayan 'yarta.

Shef ya tsaya gaban allonsa, gumi na zubowa daga ƙarƙashin hular ƙarfe. Mun ɗauka tasa ta ƙare. Alhaji Mano ya juya wayoyinsa, sannan ya yafito shi.

"Kwana nawa ka ce da yankewar?"

"Goma sha biyu, ranka ya daɗe. Amma in ka duba ƙa'ida..."

"Goma sha biyu. Kuma kayana ba su yi latti ba ko sau ɗaya."

"Ko sau ɗaya."

"Ba takarda, ba likita, ba wanda ya ji a gari."

"Babu, ranka ya daɗe."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali, irin na mai sayen rago da ya taɓa ya ji ƙiba. "A garejina yaro ya ɗan ƙone, sai rahoto, sai masu bincike, sai a tsayar mini da mota kwana uku. Ka zo gobe ƙarfe bakwai. Ka taho da allon."

A gidan likita, majo, babbar ma'aikaciyar jinya mai suna Fadimata, ta buɗe hannun ta yi salati.

"Wa ya ajiye yarinya har ta kai haka? Ba ku da manya a gida?"

"Babansa shef ɗin sekurite ne, mai kula da lafiyar ma'aikata," in ji Dassin.

A daren aka shiga da ita ɗakin fiɗa. Shef bai samu zuwa ba sai washegari da yamma, bayan ya tashi daga sabon aiki. Ya zo da lemo a leda. Ya tsaya a kan gadon ya ce sannu, ya ce ƙaddara ba ta wuce ranarta, ya ce da ta gaya masa abin ya yi tsanani haka ai da tuni an ɗauki mataki. Radiyya ta juya fuska ga bango. Da zai fita ya ja majo gefe, ya rage murya, ya tambaya ko a takardar za a iya rubuta ciwo maimakon rauni.

Fadimata ta dube shi daga hula har takalmi. "Malam, na rubuta abin da na yanke. In kana so ka gani, yana nan ba a zubar ba tukuna."

Bai so gani ba.

Yanzu Radiyya na zaune gidan su Dassin. Kullum da hantsi tana cika shafi biyu da hannun hagu, rubutun ya fara tsayawa da ƙafarsa, ta ce baɗi za ta zauna jarrabawar ko da haƙori ne. Wankin kuwa bai tsaya ba, Sa'a ce a bakin duro.

Ga abin da ya tafi. Yatsa ɗaya, daga tushe. Na kusa da shi yana nan amma ba ya lanƙwasa. Kwana goma sha tara a gadon likita. Jarrabawa ɗaya, wadda aka yi aka gama tana kwance, da shekara guda ta karatu. Rubutun da malamai ke ɗagawa su nuna wa aji. Sai kalmar "Baba", wadda tun ranar Lahadin nan ba ta sake fita daga bakinta ba. Shi har yau bai lura ba.